Harafin da Na Cire

A lokacin sanyi, cikin shekarun sittin, da an idar da sallar isha'i mukan hau rufin gidanmu na unguwar Jarwal, a ƙasa mai tsarki, mu kewaye murhun gawayi. Kakarmu, wadda muke kira Iya, tana dafa shayi tana ba mu tatsuniya da Hausar Kano wadda Larabci bai taɓa ba. Ni takan kira ni maigidanta marar cefane. Ƙanwata kuwa da sunanta take kiranta, tana jan wasalin: Sofiya.

Ita kaɗai ke faɗarsa haka; duk unguwa Safiya suke cewa. Ita ce kuma ta zaɓi sunan. Da su Iya suke kan hanyar zuwa hajji sun yi shekaru a Sudan suna aikin guzuri, inda Iya ta yi wa wata Bagirkiya, matar mai kanti, wanki. Da zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyarmu tana yarinya, matar nan ce ta yi jinyarta har ta tashi. Iya ta yi alkawari cewa jikarta mace ta fari za ta ci sunan matar.

Wata rana ƙanwata ta dawo gida da kuka: ƙawayenta sun ce sunan Nasara ne da ita. Washegari za a sa ta a makarantar 'yan mata, kuma ni, mai shekara goma sha biyu, aka ce in cike takardar. A rubutun Larabci kusan harafin wawu ne kaɗai ya raba sunayen biyu.

Da daren nan Iya ta ce ga wata tatsuniya nan, mu buɗe kunne. A ƙasar Girkawa, in ji ta, inda teku ya kewaye garuruwa, akwai ranar da ake rabon sunayen 'yan mata. Wani masunci ya makara. Ya tarar an kwashe Kyau, an kwashe Farin Jini, saura suna guda a ƙasa wanda kowa ya ɗaga ya ajiye saboda nauyi. Ya kai wa 'yarsa shi. Tana ƙarama yana danne ta, yara na dariya. Tana girma nauyin yana raguwa, har mutanen gari suka koma zuwa ƙofarta neman shawara.

"Sunan nan Hikima ne," in ji Iya. "Da bakinsu, Sofiya. Kai maigida, ka ji ni ko?"

Na ce na ji. Da safe na rubuta Safiya.

Sai a jami'a, a darasin falsafa, na ga malami ya raba kalmar falsafa gida biyu a allo, ya ce rabinta na ƙarshe sofiya ne, wato hikima a tsohon harshen Girka. Iya, wadda ba ta san harafi ba, ta riga shi faɗa mini. Lokacin ta riga ta rasu. Daga baya na yi ta cin karo da sunan a ƙasashe da dama, har a gidajen Musulmi, kuma kowane karo sai in tambayi kaina: kunya ce ta sa ni, ko tausayi?

Bara na faɗa wa ƙanwata abin da na yi, ina neman gafara. Ta dube ni ta yi murmushi.

"Yaya, ni na roƙe ka a bakin matakala ka cire harafin. Ka manta?"

Na manta ƙwarai. Shekara kusan arba'in ina ɗauke da laifin ni kaɗai, ban taɓa tunanin cewa mai sunan tana da ta cewa ba. Na tambaye ta wanne take so in kira ta da shi yanzu. Ta daɗe tana juya kofin shayinta, sannan ta ce in gwada na Iya, ta ji ko zai zauna a bakina.