Ranar da na kai masunci kallon ruwa

Ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara fita da baƙi ni kaɗai ba, cikin sanyin shekarar 2016. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna ganina da malafa da lasifika, kuna cewa Malam Sama'ila ya san aiki. To, ku gyara zama ku ji yadda aka yi na san shi.

Lokacin shekarata uku a Makka, ina tuƙa motar wanki, in kwashi zannuwan gado daga masaukan alhazai na Aziziyya in kai, in dawo da su a goge. A iƙamata, wato katin zaman ƙasa, sana'ar da aka rubuta ita ce direba. Wanda bai zauna a nan ba ba zai san nauyin wannan ba. Mai iƙamar direba ba a ba shi izinin kawo iyalinsa. Matata Rabi tana Funtuwa, tsakanina da ita sai waya, ni kuma ina kwana ɗaki ɗaya da ƙarti biyar a Mansur, unguwar da Hausawa suka yi yawa.

Kamfaninmu yana da wani ɓangare mai kai baƙi yawon yini ɗaya. A tashi bayan sallar asuba, a nufi bakin teku a Shu'aiba, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, a kalli tsuntsaye da ƙaguwa da bishiyoyin nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri. A ci kifi, a yi azahar, sannan a shiga tuddan yashi da mota a yi ta hawa da gangara, a dawo da baƙi su samu magariba a Harami. Larabawa da Turkawa ake kaiwa. Ni na dami mudir ɗinmu, wato manaja, Abu Nayif, cewa mutanenmu ma za su so. Abu Nayif mutum ne mai ƙarancin magana, ɗan asalin Makka, kuma abin da kawai na san yana haɗa shi da Hausawa shi ne duk Alhamis sai ya aika an sayo masa tsire a Mansur.

Ran nan ya gaji da nacina ya ce, da Larabci, "Ya Isma'il, fita ɗaya zan ba ka. In sun dawo ni zan tambaye su da bakina. In sun ji daɗi, in mayar da iƙamarka ta tafinta, ka kawo matarka. In ba su ji ba, shi ke nan, ka koma kan zannuwanka, kada ka ƙara tayar mini da maganar."

Wallahi mako guda na yi ina shiri. Na bi jagoranmu Bamisire fita biyu, na rubuce duk abin da yake faɗa, na mayar da shi Hausa, na haddace. Abokan ɗakina har sun iya, in na fara sai su ƙarasa mini suna dariya. An samo takardar izinin fita da baƙi, na duba mai da ruwa da shebur da famfon taya. Abu ɗaya ne ban yi ba, kuma shi ya fi kowanne sauƙi: ban tambayi baƙin nan daga ina suke ba.

Mutum shida ne, duk masu Umara. A gaba kusa da ni wani dattijo ƙaƙƙarfa mai babbar murya, Alhaji Haruna, bayansa matarsa Hajiya Ladi da ƙaninsa. A kujerar ƙarshe wani siririn tsoho mai rawani, Malam Bukar, da abokan tafiyarsa biyu. Tun daga Aziziyya na buɗe baki ban rufe ba. Tarihi, nisan hanya, zurfin teku, duk na zazzage musu. Su kuwa sai "to" da "ikon Allah".

Da muka isa, Allah ya taimake ni tsuntsaye sun cika wurin. Na tsaya na gyara murya, na nuna wani babban fari mai jaka a ƙarƙashin baki, na fara: "Wannan tsuntsu da kuke gani, abin mamaki ne ƙwarai..."

Alhaji Haruna ya katse ni. "Kai ɗan nan, wannan ai kwasakwasa ce."

Na ce, "Na'am, Baba?"

"Kwasakwasa! Ɓarauniyar kifi! Wancan kuma zalɓe, ga balbela can. Shekara arba'in ina su a fadamar Haɗeja ina korar waɗannan daga kan komar da nake kamun kifi da ita. Yanzu saboda Allah ita ka hana ni ɗawafin safe in zo in gaisar?"

Hajiya Ladi ta rufe baki da mayafi tana dariya har kafaɗunta na rawa. Su ukun suka shimfiɗa tabarma a inuwar mota suka juya wa teku baya, Alhaji ya ɓare goro. Rabi ce ta faɗo mini a rai, da yadda na ce mata ta fara haɗa kaya.

Ina tsaye sai na ji an taɓa hannuna. Malam Bukar ne, ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ya tsaya nesa da ruwan kamar taki goma. Ya ce a hankali, "Malam direba, ina ɗaya bakin ruwan nan?" Na ce sai Sudan. Ya ƙura wa ruwan ido. Can ya nuna wasu ƙananan ramuka da suka cika gaɓar, kowanne da ɗan tulin yashi a gefensa, ya ce na mene ne. Wannan ba ya cikin haddata. Maimakon in ce ban sani ba, sai na ce, "Na macizai ne." Tsohon nan ya yi tsalle baya, abokansa suka ruga wajen mota.

Daga kan tabarma Alhaji Haruna ya daka tsawa. "Innalillahi! Macizai? Kai, kada ka kashe bawan Allah da ƙarya!" Ya miƙe, ya naɗe ƙafar wando, ya zo ya durƙusa ya zura hannu cikin rami har gwiwar hannu, sai ga shi ya fito da ƙaguwa fara sol tana wutsil-wutsil. Ya nuna wa Malam Bukar inda ake riƙe ta don kada ta datse yatsa. Daga nan fa shi ke nan, an ƙwace mini aiki. Ya nuna musu yadda tsayuwar zalɓe ke gaya wa masunci inda ƙananan kifi suke. Ya kai su gindin bishiyoyin ruwa ya ce nan ne ɗakin haihuwar kifi, ko a Haɗeja ko a nan. Da wasu dogayen tsuntsaye masu ruwan hoda suka sauka, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Wannan kam ba na garinmu ba ne. Amma dubi yadda yake kifa baki cikin laka, tace ta yake yi." Daga ƙarshe ya kama hannun Malam Bukar kamar mai tsallakar da makaho titi, ya shiga da shi ruwa har gwiwa. Tsohon ya ɗebo da tafi ya ɗanɗana, ya tofar, ya fashe da dariya. A nan ne na ji yana cewa shi mutumin Gure ne ta Nijar, kuma ruwan da ya fi wannan yawa a idonsa shi ne tabkin damina.

Ni dai ina gefe riƙe da takalman mutane. Abu Nayif ya bugo waya ya ce yaya. Na ce lafiya lau. Na ƙudurta a raina cewa a yashi zan fanshe.

Bayan kifi da azahar muka bar kwalta. Ƙa'idar aikin ita ce ka tsaya ka rage iskar tayoyi sosai don su baje a kan yashi. Na rage, amma cikin gaggawa, ban auna ba. Da tuddan suka bayyana, jajaye, wani bayan wani, na sake gyara murya. Ban kai ga buɗe baki ba na ji muryar Malam Bukar daga baya.

"Wannan ne abin kallon?"

Na ce shi ne, Baba.

"Irin wannan ne ya binne gonar dabinon mahaifina da rijiyarta. Shekara da shekaru muna kafa masa shingen ƙirare don ya tsaya. Ashe a nan har mota ake ɗauka a zo a gan shi."

Wannan karon Alhaji Haruna ne ya yi dariya har da buga gaban mota. Ni kuma haushi da kunya suka sa na taka mai, na hau wani tudu da ƙarfi don in burge su, na gangara ta bayansa. Motar ta yi gurnani, ta tsaya. Na ƙara mai, ta ƙara nutsewa, har cikinta ya zauna a kan yashi. In na kira ofis a turo mai ja, Abu Nayif ya ji, kuma magaribar Harami ta wuce su. Na kifa kai a kan sitiyari.

Malam Bukar ya fito. Ya tuɓe takalmi, ya zagaya motar, ya taka nan ya taka can. Sannan ya ce, "Ɗana, ka sauko ta gefen da iska ke zubar da yashi, shi ya sa. Nan gari ne, ba ya ɗaukar ko jaki. Dubi can inda yake da layi-layi kamar an shata, nan iska ta daddaɓe shi. In raƙumi zai bi, can zai bi." Ya sa na ƙara rage iskar tayoyin, muka haƙe gabansu da shebur da hannu, muka cusa shimfiɗun ƙafa na motar a ƙarƙashi. Ya ce kowa ya tura, ni kuma kada in taka mai sai kamar mai tsoron tada mai barci. Motar ta fito. Daga nan ya shiga gaba da ƙafa, rawaninsa na kaɗawa, ina binsa a hankali duk inda ya taka.

Da muka kai tudu mafi tsawo ya ce kowa ya sauko a hau da ƙafa. Nan fa aka ga abin dariya. Alhaji Haruna, wanda ɗazu yake tafiya cikin teku kamar tsakar gidansa, ya yi taki uku ya zame biyu, ya koma rarrafe yana haki. Malam Bukar ya tsaya a sama ya riƙe ƙugu ya ce, "Sarkin ruwa, ga namu kogin, yi iyo mana!" Sannan ya sauko ya kama hannunsa ya koya masa hawa a karkace. Hajiya Ladi kuwa ta zauna a kan murfin kular ruwa ta sulalo tun daga sama har ƙasa tana salati, ta tashi ta ce sai ta sake. A can saman muka yi la'asar, teku na ƙyalli daga nesa.

Mun iso Aziziyya da sauran lokaci kafin kiran salla. Abu Nayif na tsaye a ƙofar masauki. Ya gaishe su, ya dube ni ya ce, "Tambaye su yaya tafiya, ka gaya mini abin da suka ce." Sai a lokacin na tuna cewa ni ne tafintan shari'ar kaina.

Alhaji Haruna bai rage komai ba. "Gaya masa yaronsa bai san tsuntsu ba, bai san yashi ba, ya ce ramin ƙaguwa na maciji ne, kuma ya binne mu da mota."

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya zo mini. Wa zai sani in na ce sun ce madalla? Amma na riga na yi ƙarya ɗaya da safe na ga inda ta kai ni. Na sunkuyar da kai na mayar da maganar Larabci, ɗaya bayan ɗaya, har macizan.

Malam Bukar ya ɗaga hannu ya ce, "Ƙara masa da wannan. Da ya ga an fi shi sani, ya yi shiru ya riƙe mana takalma, kuma da na ce ya biyo ni ya biyo. Ni yau na shiga teku. In na koma Gure sai an gaji da labarina." Alhaji Haruna ya ce, "Ni ma a rubuta ni, baɗi da surukaina zan zo."

Na buɗe baki zan fassara, Abu Nayif ya ɗaga mini hannu. Ya dubi dattawan nan ya ce da Hausa, Hausar Makka mai ɗan nauyi amma sarai, "Na ji duka. Sannunku da hanya." Ashe a Mansur ya tashi, maƙwabtansu Hausawa ne, a gidansu yake cin tuwo yana ƙarami. Shekara uku ina gunaguni a gabansa da Hausa ban sani ba! Ya juyo gare ni ya ce, "Jagora ana koya masa hanya. Tafintan da zai faɗi laifin kansa shi ne ban samu ba sai yau. Kawo iƙamarka gobe."

Shi ya sa kuke ganin kafin in tayar da mota nake bin baƙi ɗaya bayan ɗaya ina tambayar garinsu da sana'arsu, in zaunar da na ruwa kusa da na tudu. Mutanenmu ba su zo nan da kai wofi ba, kowa da abin da ya shekara yana yi, kuma ya fi jin daɗin ranar da aka tambaye shi fiye da ranar da aka yi masa lacca. In ba ku san abu ba ku ce ba ku sani ba, sau da yawa mai amsar yana zaune a bayanku.

Rabi ta sauka Jidda bayan wata bakwai. Fitar farko da na samu wuri na sa ta a kujerar gaba. Da muka isa Shu'aiba ta ga ramukan nan ta ce na mene ne, sai na naɗe hannun riga na durƙusa na zura hannu yadda Alhaji Haruna ya yi. Ƙaguwar ta datse mini yatsa, na yi ihu, baƙi suka yi ta dariya. Rabi ta fi kowa, kuma rabona da jin wannan dariyar ba ta cikin waya ba shekara uku da wata bakwai ke nan.