Ranar Da Na Tura Taubashina Cikin Kanal

Ɗan gwaggona ne, wato taubashina, kuma tun muna tsirara muke zagin juna. Ni na ce kansa kamar kabewar da ta sha ruwan rani. Shi ya ce in na yi dariya, har daga Bunkure ake jiyo haƙorana. Duk wanda ya san taubasantaka ya san ƙa'idarta: in an jefe ka, ka rama. Wanda bai rama ba, ya sallame ka ke nan.

Sai boko ya ɗauke shi zuwa ƙasar waje. Ni na tsaya a gonar tumatir ɗinmu ta Kadawa. Abokai kuwa duk sun watse, wannan Legas, wancan acaɓa a birni. Na zama mai barkwancin da ba shi da majalisa. Wallahi har kwaɗi na ba labari, su ma suka nutse.

Wani rani taubashin nawa ya dawo hutu, ya same ni a bakin kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, ranar da aka sako mana ruwa. Ina ta cika bututun roba, in toshe bakinsa da tafin hannu, in wurga shi ƙetaren gaɓa ruwa ya bi kwari.

Na ce, "Kai bawa, me kake karantawa ne da ya cinye maka kumatu?"

Ya tsuguna a hankali, yana tattare wando. Ya ce baƙin rami yake nazari: tauraro ne da ya mutu ya dunƙule, har haske in ya faɗa ciki ba ya fita.

"To yana ina, in je in zuba ruɓaɓɓen tumatir?"

Ya ce nasa ba a samanmu yake ba. A lissafi yake, a wata duniya mai tsawo da faɗi kawai, babu tudu babu zurfi. A can, ƙarfin nan da ke janyo abu ƙasa, an ɗauka wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya ce ke ɗauke da shi, kuma tana da nata nauyin. Aikinsa shi ne ya ɗan zunguri ramin ya gani: zai girgiza ya koma daidai, ko kuwa girgizar za ta yi ta ƙaruwa har ya lalace. Wasu ramukan suna jurewa, wasu ba sa yi, ya danganta da nauyin ƙwayar.

Na ce, "Tsaya. Wato ka haye teku don ka yi gadin ramin da babu shi, a duniyar da aka goge kamar tabarma, kana tsokanarsa da tsinke? Gafiyar gonata ta fi ka ilimin rami, kuma ba ta taɓa neman biza ba!"

Na gyara tsayuwa ina jiran nawa. Na ma buɗe masa haƙoran, don ya samu wurin farawa.

Ya yi murmushi ya ce, "Gaskiyarka, yaya. Sannu da ƙoƙari."

Yaya! Mutumin da ya taɓa sa min barkono a hula.

Na ƙara wuta. Na ce tabaraunsa gindin kwalba ne. Ya ce ai kuwa ya kamata ya canza. Na juya bututu na jiƙa masa takalmi. Ya ce ba komai, zai bushe. Duk abin da na jefa, shiru, kamar na jefa tsakuwa a rijiyar da ba ta da ƙasa.

Da ya miƙe, sai na sa kafaɗa na ture shi cikin kanal. Ruwan iya ƙugu ne. Na tsaya ina haki, ina addu'a a zuciyata: Allah Ka sa ya zage ni, ko da kakana ne, ai kakansa ne.

Ya laluba ya tsamo tabarau, ya share fuska, ya ɗago ya ce, "Yi haƙuri, ban lura na tare maka hanya ba."

Ni na miƙa masa hannu. Na cire rigata na ba shi, na goya shi a babur har gida Kura. Ruwan ranar ya wuce, rabin kwarina bai sha ba.

Tun da ya koma, yana kirana a waya duk Juma'a, bai taɓa fashi ba. Ya tambayi iyali, in tambayi aiki. In ce, "Allah Ya ƙara basira, Dakta." Ya ce, "Amin, yaya, na gode." Sai mu ɗan saurari numfashin juna, har ɗayanmu ya ce ana kiransa.