Hammadi Sarkin Macizan Akébé

Hammadi mai gawayi, mutumin Marwa da ke zaman baƙunta a unguwar Akébé, ba abin da yake tsoro a duniya kamar maciji. Amma unguwa kaf Sarkin Macizai take kiransa.

Abin ya samo asali ne daga ruɓaɓɓun itatuwan bayan rumfarsa. Ƙarƙashinsu akwai wata halitta mai sulɓi, ba ta fi tsawon ludayi ba. Ranar da ya fara ganinta, takalmi ɗaya ya bari a wurin. Wani tsohon maigadi ɗan ƙasar ne ya ganar da shi cewa kulɓa ce marar ƙafa, dangin ƙadangare: idanunta a binne cikin fata, ba ta da dafi, gara ce abincinta. Hammadi ya ji, bai faɗa wa kowa ba.

Da ruwa ya sauka, sai kulɓar ta riƙa ɓullowa a gidaje, mata na ihu, ana aikowa a kira shi. Gogan zai zo yana taku ɗai-ɗai, ya yi 'yan tofe-tofe, ya ɗauke ta da hannu ya jefa aljihu. Shayi kyauta, kirari kyauta. Ya ji daɗin abin har kansa ya kumbura.

Da wannan suna ya shiga neman Salamatou, 'yar Alhaji Abdoulaye mai shinkafa. Yana sonta sosai, Alhaji kuwa sai jan ƙafa yake. Wata safiya Alhaji ya aiko: an ji motsin maciji a mangazarsa, inda yake tara buhunan shinkafa. Wanda kake neman 'yarsa ba a ce masa a'a.

Suka shiga tare da Alhaji, jama'a na jira a waje. Sai ga kasa, kaurin taɓarya, kwance a bakin ƙofa ta bayansu. Hammadi bai san lokacin da ya haye buhuna ba. Ko da ya waiwaya, Alhaji na maƙale a wuyansa, mutumin da ko ido ba sa haɗawa saboda kunya.

“Hammadi, sauka ka ɗauke ta mana,” in ji Alhaji cikin raɗa.

“Baba, ni na marasa ido ne. Wannan kuwa kallona take yi.”

Alhaji bai dai saki wuyan ba. Can ya ce, “In Allah ya fitar da mu, ban rungume ka ba.”

“Ba ka rungume ni ba, Baba.”

“To, ka turo magabatanka ranar Juma'a. Yanzu yi mana ihu, muryarka ta fi tawa.”