Mijinyawa Baduku, Wanda Ya Tsaya wa Bawa

Da an idar da sallar asuba, Mijinyawa baduku zai saɓa buzunsa ya nufi gindin tsamiyar ƙofar alƙalin Bodinga. Takalma yake ɗinki, amma rabin masu durƙusawa gabansa ba takalminsu ne ya tsinke ba. Wata mijinta ya rasu ana son raba ta da 'ya'yanta, wata kaka ce mai neman riƙon jikoki. Lauya dai labarinsa muke ji, an ce yana can Ikko wurin Nasara, kuma ko ya zo ba ya shiga zauren alƙali. Mu nan Mijinyawa ne wakilinmu.

Ba ya tsaya wa kowa sai ya taka zuwa gidan, ya ci tuwonsu, ya ga wanda ake jayayya a kansa. Muna tsokanarsa cewa kwaɗayi ke kai shi, shi ko sai dariya.

Mutanen Dingyadi ba su manta da Bawa ba. Makiyayi ne, bijimi ya buga shi da ƙasa, ya tashi babu baki, hankali ma ya ragu. Yayarsa Saratu ke jinyarsa. Sai ƙanensu Mainasara ya zo daga Dandin Mahe, ya ce shi ne namiji, riƙo nasa ne, zai kai Bawa gidan mai magani inda ake sa masu taɓin hankali a turu. Ba mugunta ba ce, waraka yake nema wa wansa. Shi ne ma ya fara zuwa wurin Mijinyawa. Dattijo ya je ya kwana biyu a rugar, ya dawo ya ce masa, "Ka yi haƙuri, ba ni tsaya maka. Yayarka nika tsaya ma."

Ranar shari'a aka kawo Bawa gaban alƙali. Mijinyawa ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ban zo da dogon zance ba. Bawa bai ci komi ba tun sahe. A ba kowanensu ƙwarya shi ba shi hura."

Mainasara ya yi lallashi har da ƙwalla, Bawa ya juya wa bango fuska. Saratu ta durƙusa, ba ta ma ɗaga ludayi ba tukuna. A hankali ta fara kiran sunayen shanunsa, kamar yadda take yi masa kullum da yamma: "Wule... Saye... Ɓale..." Bawa ya waiwayo, ya buɗe baki.

Kafin alƙali ya yi magana Mainasara ya ce, "Malam, a bar shi inda yake." Aka ba Saratu riƙo, Mainasara ya karɓi kiwo.

Bana ido ya gaji, Mijinyawa ya naɗe buzu. Baba, kai ne bakin marasa baki. Kai ka koya mana cewa wanda ake shari'a a kansa shi ya kamata a fara dubawa. Mun gode, Allah Ya saka maka. Ku kuma masu iya magana gaban manya, tsamiyar tana nan, wani ya zo ya zauna.

Kwanan nan na ja Mijinyawa zuwa Dingyadi. Bawa na zaune bakin garke, ƙafafunsa babu tabon turu. Mutane kaɗan yake ganewa yanzu. Da ya ji muryar Mijinyawa sai ya miƙe, ya kama hannunsa, ya zaunar da shi a kan tabarmarsa.