Murfin Makarar Unguwarmu

Daga Bawku robar ta zo. Wani aikin busar da albasa aka taɓa yi a wajen Binduri, aka kafa rumfuna masu bangon roba, da masu ɗaukar hoto suka koma gida aikin ya mutu, aka jingine faya-fayen a bayan sito akuyoyi suna fakewa a ƙarƙashi. Samarin da suka buɗe ɗakin ƙere-ƙere a nan Yendi suka ji labari, suka roƙa, aka ba su. Kowane faifai ya fi ƙofar zaure faɗi, kaurinsa ya kai ɗan yatsa, kuma kana hangen mutum ta cikinsa garau.

Ni kafinta ne, benci da tebur da ƙyauren ɗaki nake yi, karatuna bai wuce allo da firamare ba. Zarton lantarki ne ya fara kai ni ɗakin nan, don suna barin kowa ya yi aiki da shi. Abin da ya zaunar da ni kuwa, Allah Ya yafe mini, injiniya suke kirana. Tun da nake riƙe guduma ba wanda ya taɓa kirana da abin da ya wuce "mai katako".

Shugabar wurin wata yarinya ce da ta yi karatu a Tamale, mai kirki da yawan magana. Doka biyu gare ta. Duk abin da za a ƙera sai ya warware wata matsalar jama'a, kuma sai an gwada shi. Sai muka bazu cikin gari muna neman matsala kamar masu cigiyar tunkiya. Wani ya yi wa motokin ɗin yayansa, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, gilashin gaba. Wani ya yi wa mai burodi akwati. Aka yanka ƙananan guntaye aka yi maratayan makulli da wurin jingina waya, har suka fi wayoyin garin yawa. Wani yaro mai gemu ya haɗa akwatin kifi, ya cika shi da ruwa, har yau kifin bai iso daga Kete Krachi ba.

Ni na fi ƙarfin maratayan makulli. Ina son abin da za a daɗe ana zancensa. Na same shi wata rana da damina, muna raka gawa maƙabarta ruwa ya tsuge. Makarar masallacinmu ta ƙarfe ce, ana rufa mata tabarma da koren mayafi, kafin mu isa komai ya jiƙe har likkafani. Ana ta addu'a, ni ina auna makarar da ido.

Na ɗauki faifai mafi kyau, na gasa shi a hankali, na lanƙwasa shi a bayan ganga har ya yi doro kamar rufin mota. Na yi masa gindin katako, na goge gefensa da sanfefa har kana ganin fuskarka. Gaskiya ya yi kyau, har yanzu ban fasa faɗin haka ba. Aka kai shi masallaci bayan Juma'a. Ciyaman ɗin kwamitin masallaci ya yi jawabi, ya ce unguwarmu ta riga Tamale. Aka ɗauki hoto yana dafe da murfin, ni ina gefe da sabuwar hula, aka aika wa waɗanda suke tallafa wa ɗakin ƙere-ƙeren. Ba wanda ya tambaya ko an gwada. Da wa za a gwada?

Mamacin da ya fara shiga wani tsohon direba ne. Mun rufa koren mayafin a kan robar, muka ɗauka. Abin da ban lissafa ba shi ne yadda muke ɗaukar gawa. Sauri ake yi, kuma kowa yana son ya sa kafaɗa ya sami lada, dogo ya karɓi gajere, gajere ya karɓi dogo, makara tana karkata nan da can. Tabarma tana riƙe mayafi. Robar da na goge ba ta riƙe komai. Kafin mu kai bakin kasuwa mayafin ya zame ya faɗi, aka mayar, ya sake zamewa. Haka muka ratsa masu doya da masu gawayi da bawan Allah a kwance a fili, an ga tsawonsa, an ga tudun cikinsa. Sai yayyafi ya sauko, ya shiga buga robar kamar an gayyato makaɗa. Da yamma zancen ya cika gari, ana cewa 'yan unguwarmu sun fara kai matattu a akwatin burodi.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, haifaffen Salaga, wanda ya yi fataucin goro har ƙafafunsa suka gaji ya zauna a Yendi. A lokacin yana kwance, ƙafafu sun kumbura, abinci ba ya shiga. Ba wanda ya faɗa, amma kowa a unguwa ya san shi ake sa ran zai bi direban, shi ma ya sani. Ya aiko aka kira ni.

Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa da kyau ba. Ya ce ya ji na zama injiniya. Ya ce shi dai tun yana saurayi ko ƙofar gida bai taɓa fita ba riga ba, kuma akwai mutane a kasuwar nan da suka yi shekara da shekaru suna jiran su ga ya kwanta.

"Ka cire abin nan kafin lokacina," in ji shi. "Ba za a ratsa da ni kasuwa ana leƙena ba."

Na ce Kawu ku yi haƙuri, ci gaba ne, ruwa ba ya taɓa mutum, a ciki ma kamar mota mai sanyi. Na ce zan sa wa mayafin igiya. Ya ce igiyar da za ta tsinke a bakin masu nama. Na fito ina jin haushi, ina gaya wa kaina tsoho ne bai san zamani ba. Gaskiyar ita ce hoton nake tunawa da sabuwar hulata.

Ya aika wa ciyaman. Ciyaman, wanda shi ma hannunsa yana cikin hoton, ya ce kwamiti ba ya mayar da kyauta, amma idan wanda ya ƙera ya ce a cire, sai a cire. Liman ya ce shi ba ya shiga maganar roba. Magana ta dawo kaina, ni kuma na riƙa bin wata hanya don kada in wuce ƙofar gidan Kawu.

Wata rana bayan azahar, muna fitowa daga masallaci, sai ga motokin ya tsaya a bakin harabar, Kawu a baya zaune a kan katifa an tokare shi da matashi. Jama'a suka taru suna masa sannu. Ya bar su suka gama, sannan ya neme ni da ido.

"Injiniya, an ce a shagonku ba a sakin abu sai an gwada."

Na ce haka ne, Kawu.

"To wa ya gwada wannan? Direba bai dawo ya ba da labari ba. Kai ka ce kamar mota mai sanyi. Shiga mu gani."

Aka yi dariya, ni ma na yi, ina jiran wani babba ya ce ba a wasa da makara. Liman ya duƙa yana neman takalminsa. Ciyaman ya tuna ana jiransa a gida. Tsofaffin abokan Kawu kuwa har sun fito da ita daga ɗakin ajiya. Da in ce a gaban mutane ina tsoron aikin hannuna, gara in kwanta. Na cire hula na kwanta, aka kifa murfin, aka rufa mayafi. Yarjejeniyar ita ce a zaga harabar masallaci a sauke ni.

Na ji an ɗaga, na ji ana karɓa-karɓa, na ji ƙarar ƙofar harabar. Kawu ya ba da umurni a miƙe titi, motokin yana biye a hankali. Mayafin bai daɗe ba ya tafi abinsa. Rana ta faɗo mini a fuska, zafi ya taru kamar an rufe ni a tanda, numfashina ya fara yin gumi a jikin robar. Na buga, ba wanda ya ji, ko kuma sun ji.

Sai fuskoki. Mutane suka fara tsayawa suna salati, masu zama suka miƙe. Da suka matso suka ga gawar tana ƙifta ido, salatin ya koma wani abu dabam. Mai shayi ya leƙo, masu gyaran babur suka leƙo, wata mata ta ɗaga ɗanta don ya gani da kyau. A kwanar masu koko surukata take da tebur, matar da ban taɓa haɗa ido da ita ba tun da na auri 'yarta. Ta zo har jikin makarar da ludayi a hannu, ta dube ni daga kai har ƙafa, idonta ya tsaya a kan safata mai huda. Na juya fuska gefe, can ma mutane ne. Ni dai ina iya juya wuyana ke nan. Direban ko wannan bai samu ba.

A gindin mangwaron bakin kasuwa suka sauke ni. Da aka ɗaga murfin na fito jiƙe kamar an tsamo ni daga rijiya. Kawu ya sa aka matso da motokin, ya tambaye ni yaya sanyin motar. Na ari sukundireba a wurin masu babur, na kwance murfin a nan bakin titi.

Da na gaya wa shugabar ɗakinmu, ta ce wannan shi ne gwaji mafi kyau da aka taɓa yi a wurin, ta tambaya ko wani ya ɗauki hoto. Rabin garin ya ɗauka.

Kawu ya ce a kai masa murfin gida, ladan wahalar da na ba shi. Matarsa ta kifa shi a tsakar gida tana shanya barkono da kuɓewa a ƙarƙashi, kaji suna zagayawa suna kallo. Shi kuwa da ya ga an cire, sai ya fasa mutuwa. Kumburin ya sauka, ya koma cin tuwo, ya koma zama a ƙofar gida, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ba shi labarin jana'izata, da ƙari. Sunan injiniya ya bi ni, amma yanzu da wata irin murya ake faɗinsa.

Sai da aka yi wasu damina kafin lokacin nasa ya zo. Muka rufa masa tabarma da koren mayafi. A hanya ruwa ya sauko sosai, mayafin ya jiƙe ya manne, ruwan yana bin ƙarfen makarar yana shiga hannun rigata. Muka ratsa kasuwa, mutane suka miƙe a rumfunansu suna masa addu'a, ba abin da suka gani sai koren ƙyalle. Wani ya taɓa kafaɗata zai karɓa, na yi kamar ban ji ba, na riƙe har maƙabarta.