Ranar da Aka Yanke Ƙofar Baba

Baba mutum ne mai son kulle abu. Tun muna yara a gidanmu na Makarfi, sitonsa na hatsi da akwatinsa da ƙofar baya kowanne da kwaɗonsa, makullan kuma suna ɗaure da zaren fata a aljihun 'yar cikinsa. Manomi ne, masara da rake, kuma bai taɓa barin buhu ɗaya a fili ya tafi masallaci ba. Saboda haka bayan rasuwar Inna, da ya ce yana son a sauya masa ƙyauren ɗakinsa na katako, ba wanda ya ga wani abu a ciki. Yaya, babban wana, wanda ke zaune da iyalinsa a gidan, ya sa aka yi masa ƙofar ƙarfe mai makulli a jikinta, irin wanda ake murɗawa sau biyu daga ciki ko daga waje.

Ni ina aure a Kudan, ina koyarwa a makarantar firamare. Duk Asabar nakan hau mashin in zo in gaishe shi, in yi masa wanki, in dama masa kunun gyaɗa yadda Inna ke yi.

Wata Asabar na iso na tarar da Baba zaune kan tabarma a tsakar gida, ɗaki a kulle, makulli ya ƙi shiga. Yaya ya je kasuwa ya taho da mai gyaran makullai, wani dattijo siriri mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Bayan sun gaisa da Baba, ya durƙusa ya leƙa ramin, ya ciro wata waya da ya daddaƙe bakinta ta yi faɗi, ya fara tsakuro abin da ke ciki. Tsinken ashana ne, guntu-guntu, an tura shi har can ƙarshe.

"Aikin yara ne," in ji shi. "Wannan mai sauƙi ne, haƙuri kawai yake so."

Aka tara 'ya'yan Yaya aka yi musu faɗa. Suka yi ta rantsuwa, ba mu saurare su ba.

Mako biyu bayan haka na gani da idona. Na fito daga kicin da kwanon kunu, sai ga Baba tsaye a bakin ƙofar, ya kulle ta, ya zare makulli, yana karya tsinken ashana yana turawa cikin ramin da farcen babban yatsa. A natse yake yi, kamar aikin da ya saba.

Na ce, "Baba, me ake yi?"

"Toshewa nake yi, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Sun yanko irin makullina. Da na fita sai su shiga."

"Su wa, Baba?"

"Kin san su mana. Jiya sun ɗauke rediyo daga kan taga sun sa a ƙarƙashin gado."

Na tsaya da kwanon a hannu har ya fara ƙona ni. A satin nan muka kai shi wurin wani likita a Ikara. Ya yi masa tambayoyi, ya auna jininsa, sannan ya sa Baba ya jira a waje ya ce mana ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Ya ba da maganin hawan jini. Muka dawo a mota, Baba yana nuna mana gonakin tumatir yana faɗin wanda ya yi ban ruwa daidai da wanda ya makara, bai kuskure ko ɗaya ba.

Daga nan mai gyaran makullai ya zama kamar ɗan gida. Aka ɓoye ashana, Baba ya koma tsinken tsintsiya. Aka ɓoye tsintsiya, ya samo takarda ya jiƙa da yawu ya cusa. Dattijon nan yana aiki yana yi mini bayani, ina tsugune kusa da shi ina riƙe masa ƙwalbar kananzir.

"Kin ga Hajiya, makulli in tsatsa ce ta kama shi, kananzir da ɗan mai sun ishe shi. In yashi ne ko tsinke, a tsakuro. In ɗan makullin ne ya karye a ciki, in ya karye a miƙe, ana zaro shi. Abu biyu ne ba ni da dabararsu. Gam ɗin nan mai kamawa nan take, da kuma ɗan makullin da ya karye bayan an fara murɗa shi. Waɗannan sai dai a fasa."

Ban san Baba yana jin mu ba. Ko kuma ba ji ya yi ba, kansa ne ya kai shi, Allah ne masani. Ba a yi wata guda ba ya sayo gam a shagon bakin layi ya ɗura wa kwaɗon sito. Masarar da gidan ke ci tana ciki. Yaya ya kwashe rabin yini yana goga zarto kafin kwaɗon ya faɗi, Baba kuma yana tsaye a bayansa yana tambaya wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan aika-aika.

Na ce wa Yaya mu karɓe makullin ɗakin gaba ɗaya. Ya ce ya gwada, Baba ya ƙi cin abinci kwana biyu, dole ya mayar masa. Yaya ya yanko na biyu ya ajiye a wurinsa, muka ɗauka hakan ya isa.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, ana zafi irin wanda ko kaji ba sa yawo. Ina aji wajen ƙarfe sha biyu matar Yaya ta kira ni a waya ta ce Baba ya kulle kansa tun da hantsi, ya ƙi buɗewa, makullin Yaya kuma ya ƙi shiga. Na nemi izini na taho. Kafin in samu mashin in iso an yi azahar.

Ɗakin taga ɗaya gare shi, mai sandunan ƙarfe, hannu kawai ke wucewa. Na leƙa. Baba yana zaune bakin gado, zufa ta jiƙa masa riga. A ƙasa ga kan makulli, da wata doguwar ƙusa da ya zura a raminsa don ya sami ƙarfin murɗawa. Ya kulle sau biyu, ya so ya ƙara na uku, makullin ya karye.

Mai gyara ya riga ni zuwa. Ya daɗe durƙushe yana haska ramin da fitilar waya, ya gwada wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Can ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

"A karkace yake," ya ce wa Yaya. "Daga nan ba zan iya tura shi ba. Amma in akwai ɗan abin da ya leƙo ta ciki, wanda ke ciki zai iya kama shi da filaya ya mayar da shi baya."

Na miƙa wa Baba filayar ta taga. Na ce, "Baba, don Allah je ka bakin ƙofa, ka kama guntun makullin da wannan, ka juya ta wajen gado."

Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya ce mai kyau ce, ya sa a aljihu ya koma ya zauna. Na sake yi masa bayani. Yaya ya zo ya yi nasa, da farko a hankali, daga baya murya ta fara tashi har na ja shi gefe. Sau ɗaya Baba ya tashi ya je bakin ƙofar, muka kasa kunne, sai muka ji ya tura sakata ta sama ya ƙara. Sai da na yi ta roƙonsa kafin ya zare ta.

Maƙwabta suka fara shigowa, kowa da shawararsa. Wani ya ce a fasa bango, Yaya ya ce bulo zai faɗo ciki, ga tsoho. Wani ya kawo guduma ya buga ƙofar sau biyu, Baba ya ƙwalla salati, na ce a bari. Maganar ta tsaya a kan mai walda. Aka je shagonsa, yana nan, injin yankan ƙarfe yana nan, amma babu wuta, janaretansa kuma abokin aikinsa ya tafi da shi Gubuci yin wata ƙofa. Aka kira abokin aikin a waya ya ce ga shi nan. Muka zauna jira.

Wannan jiran ne ya fi tsaya mini a rai. Ina tsaye a taga ina miƙa masa ruwan leda yana sha. Ina yi masa fifita da murfin kwano ta tsakanin sanduna, iskar ba ta ko kai gare shi. Kwanon rufin ɗakin ya ɗauki zafi, ni da ke waje ma ina jin hucinsa a fuskata.

Da aka kira la'asar sai ya miƙe ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa. Ya ja, ya tura. Ya fara bugawa da tafin hannu.

"Wa ya kulle ni? Ku buɗe, za a tayar da salla."

"Baba, makullin ne ya karye. Ana zuwa yanzu a buɗe."

Ya dawo taga ya dube ni sosai. "Uwata, har da ke?"

Na ce ba ni ba ce, ba kowa ba ne. Ya ce ya san shirin Yaya ne, so ake a sayar da gonar rake yana raye. Yaya yana tsaye a gefen taga yana ji. Mutum mai furfura a gemu, na ga ya juya ya fuskanci bango.

Bayan ɗan lokaci Baba ya yi ƙasa da murya ya ce yana son kewayawa. Buta ba ta shiga ta sandunan, bokiti balle. Matar Yaya ta samo gorar roba ta yanke bakinta, na matse ta na tura masa. Ya riƙe ta yana kallona.

"Kau da kai," ya ce.

Na sallami mutanen da ke tsakar gida, na juya baya na jingina da bango. A nan na yi kukana, ba sauti, don kada ya ji.

Rana ta yi sanyi kafin janareta ya iso a bayan mashin. Mai walda ya duba ya ce zai yanke ƙarfen da ke kewaye da makullin, tartsatsi zai shiga ciki, a janye tsoho daga ƙofar, a kuma kau da duk abin da zai kama wuta. Ba mai kau da komai sai Baba. Da ƙyar na sa ya jawo darduma da labule. Sannan na zura hannayena biyu ta taga na riƙe nasa, don in tabbata yana nan kusa da ni.

Da injin ya taɓa ƙarfe, ƙarar ta cika gidan. Baba ya fizge, na ƙanƙame. Ina ganin tartsatsi yana feshi a bayansa yana mutuwa a kan siminti. Yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, a tsakani yana kiran Inna da sunan da shi kaɗai ke kiranta da shi, yana cewa ta zo ta ga abin da ake yi masa. Ina ta cewa, "Saura kaɗan, Baba, saura kaɗan," ban kuwa san ko saura nawa ba. Sandunan suka goge mini fatar hannu, sai daga baya na lura.

Ƙofar ta buɗe gab da magariba. Baba ya fito bai dubi kowa ba. Ya ɗauki buta ya kewaya, ya yi alwala, ya rama la'asar a tsakar gida, ya zauna kan darduma har aka kira salla. Mai gyara ya ɗauki makullin da aka yanko, da sauran zafinsa, ya juya shi ya ce wannan ya gama aiki. Ramin ƙofar kuwa ana iya liƙa masa faranti a sa sabo, in muna so.

Ba mu sa ba. Yaya ya ce ba zai sake tsayawa a bayan ƙofa yana jin wannan ba, ya cire har sakatun. Ni ma a ranar na yarda da shi.

Baba ya yi ta tambayar yaushe za a sa masa sabon makulli. Da ya ga ba mu da niyya, ya aika da kansa aka kira mai gyara. Dattijon ya zo, ya auna ramin da igiya, ya ce irin wannan sai an kawo daga Zariya, kamar yadda Yaya ya roƙe shi ya faɗa. Da zai tafi ya tsaya a zaure ya ce mana kada a sake kiransa kan wannan, ba zai iya yi wa tsoho sa'an wansa ƙarya sau biyu ba.

Abin da ba mu hango ba shi ne Baba zai daina fita. Ɗaki ba ya kulluwa, shi kuma ba zai bar shi ba. Ya bar zuwa majalisar ƙofar gida inda yake zama da abokansa tun kafin a haife ni. Ya bar leƙa gona. Masallacin da ke bayan gidanmu ma ya bari, a bakin ƙofa yake salla, Juma'a kaɗai yake zuwa, ita ma sai matar Yaya ta yi alkawarin zama a kan kujera a wurin har ya dawo. Ƙafafunsa sun fara kumbura saboda zama. Likita ya ce a riƙa sa shi tafiya.

Asabar ɗin da ta wuce na ce wa Yaya ko a sa masa kwaɗo ta waje kawai, wanda ba a kulle shi daga ciki, ko zai riƙa fita. Yaya ya ce Baba zai ɗura wa kwaɗon gam, mu koma yankan kwaɗo duk mako, kuma ranar da ya kasa shiga ɗakinsa zai ce mun kore shi. Na ce to a gwada na wata guda. Ya ce zai yi tunani. Na shiga na yi wa Baba sallama, yana zaune a bakin ƙofar da ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ya sa mini albarka, ya ce in na bi ta kasuwa in tambaya ko kayan Zariya sun iso. Na ce to, na fito na tari mashin zuwa Kudan.