Kai Rabi Fankshin da Tukunyar Jego

Tun da na dawo matan layinmu suke sintiri a ɗakina, kowa da tambayarta, har bakina ya gaji. To ga shi na sa an rubuta sau ɗaya. Wadda ba ta iya karatu ba ta nemi mai karanta mata, kamar yadda ni ma zan yi.

Tashi daga Dakata

Ranar Litinin, ana idar da sallar asuba, jiniyar kamfanonin Bompai ba ta ma yi kukan canjin aiki ba, mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. A-kori-kura ce. Direban sunansa Ɗanjuma, dankalin Turawa yake ɗaukowa daga kasuwar Mangu, wayam yake tafiya, shi ya sa aka samu sauƙinsa.

Dalilin tafiyar, ga wadda ba ta sani ba. Isuhu, mijin autata Rabi, makanikin inji ne a wata masaƙa a Sharaɗa. Da kayan aiki suka yanke wa kamfanoni aka sallame su. Ya zaga Challawa, ya zaga Bompai, ba a dace ba, sai wani tsohon ubangidansa ya samo masa aikin kula da injin wuta a kwalejin malamai ta Fankshin, can kan duwatsu gaba da Jos. An ba shi gidan masu iyali, bisa sharaɗin iyalin su zo su zauna. In ba su zo ba, a mayar da shi ɗakin gwauraye a ba wani.

Ita kuwa Rabi cikinta ya tsufa. Ni ba zan iya zama mata arba'in a can ba, maigidana Malam yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, da ƙyar na samu ƙanwarsa ta riƙe mini shi mako guda. Sai na faɗa gaban kowa: zan raka ta in gani da idona. In babu macen da zan damƙa wa wankanta na jego, da ni za ta dawo, gidan ya tafi inda zai tafi. Babbar 'yata, wadda ba na kama sunanta, a wani gari ta haihu. Wadda ta yi mata wanka mai tausayi ce, da ta ji kuka sai ta sirka ruwan. Sanyi ya shige ta, ba ta kai arba'in ba. Ba na yin wannan sau biyu.

Kayana ƙullin tufafi ne da tukunyar jego, babba ta ƙasa, wadda a cikinta aka dafa mini nawa ruwan. Na naɗe ta da tsummokaran atamfa, na zuba kanwa da gero da kayan yaji a ciki.

A Sharaɗa muka ɗauki Rabi da mijinta da kayan ɗakinsu. Akwai wuri a gaba, amma Isuhu ya haye baya kan kaya ya sa tukunyar tsakanin ƙafafunsa.

Ɗanjuma ya ce, "Malam Isuhu, shigo gaba mana, damina ce fa."

Ya ce nan ma ya isa. Suruki ba ya haɗa kafaɗa da surukarsa, ko ƙanƙara ake yi.

Kwanar Ɗangora zuwa Saminaka

Hantsi ya yi mana a Kwanar Ɗangora, inda aka bar hanyar Zariya. A Tudun Wada muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan man jiya ne, na gaya wa mai shi. Isuhu ya ɗauki nasa ya koma bayan mota ya ci.

Daga nan dajin Falgore. Itatuwa sun haɗe, ba gida ba gona, sai birai zaune a bakin titi kamar masu jiran a biya su albashi. A ƙarshen dajin muka iske shingen soja, ana neman masu ɓoye kayan masarufi. Wani dogo ya ƙwanƙwasa tukunyar da bakin bindiga.

"Mama, me ke ciki? Sukari?"

Na ce, "Kanwa ce. Ɗaga bindigarka daga kai, a irinta aka dafa wa uwarka ruwa ranar da ta haife ka."

Ya leƙa ciki, ya dubi Rabi, ya yi dariya ya ce mu wuce, Allah Ya raba lafiya. Da muka yi nisa Ɗanjuma ya ce, "Inna, motar nan ba tawa ba ce, ki riƙa tausaya mini."

Azahar a Saminaka. Masara ko'ina, ta fi mutum tsawo. Ƙafar Rabi ta kumbura, na sa ta sauka ta yi tattaki.

Jos

Daga Jingir mota ta fara hawa tana gurnani, kunnena ya toshe. Ruwa ya sauko. Ta madubi na hango Isuhu ya cire ledar da ya rufa da ita ya rufe tukunya.

La'asar sakaliya muka shiga Jos, muka sauka gidan wata 'yar ƙanwar Malam. Ta yi mana tuwon acca, ban taɓa ci ba sai ranar, ba laifi, sai dai ba ya riƙe ciki. Ruwan alwala don sanyi kamar an sa wuƙa. Na tambaye ta ko can Fankshin haka ne, ta ce can ma ya fi.

Bukur, Mangu, Fanyam

Talata da sassafe muka bi ta Bukur. Manyan ramuka cike da ruwa, Ɗanjuma ya ce na haƙar kuza ne. Gonaki ba darni, sai shingen ƙerana. A Mangu ya tsaya ya gana da dillalansa, ya ce Juma'a zai yi lodi, da asuba zai zo ya ɗauki mai komawa.

Gaba da Fanyam, ana hawan ƙarshe, ruwa ya cinye gefen titi. Motar ta faɗa rami ta fito. Na ji ƙara daga baya, irin ta abin da ya rabu biyu. Rabi ta dube ni, na dubi hanya.

Fankshin

Garin ƙarami ne, Dakata kaɗai ta ninka shi. Duwatsu sun hau kan duwatsu, gajimare yana yawo a tsakar gidan mutane. Kwalejin tana gefe, dogayen ɗakuna masu rufin kwano, samari da 'yammata sanye da rigunan sanyi suna tafe da littattafai. Ba jiniya, ba hayaƙi, ba motocin kaya, sai ƙararrawa. Akwai masallaci a kasuwa, na ji kiran salla. Gidan ciki da falo ne, da famfo a waje. Na duba itacen girki, akwai, amma jiƙaƙƙe.

Da aka kwance tukunya, ta tsage daga baki har gindi. Isuhu ya tsuguna daga bakin ƙofa, kansa ƙasa.

"Inna, a gafarce ni. Akwai rabin duro a ɗakin inji, in an wanke..."

Na ce, "Na baƙin mai? Kuma ƙarfe ba ya riƙe zafi. A wannan garin, kafin a kai shi makewayi ya huce."

Maƙwabciyarsu ta shigo yi mana sannu da zuwa. Sunanta Rifkatu, Ba'angasa ce, Kirista, tana dafa wa ɗalibai abinci. Gajera, kakkaura, ta kai shekarun babbar 'yata da tana raye. Ta kawo dafaffen dankali. Na lura ba ta shigo da takalmi ba, na kuma leƙa bayan tukwanenta da na wuce, a goge suke.

Ta ga tsagaggiyar, ta tambaya, Rabi ta yi mata bayani. Ta ce, "Wannan ne? Mu ma da ruwan zafi muke wanke mai jego, Mama. Kin zaci duwatsu muke haifa?"

Laraba da safe sai ga ta da ƙatuwar tukunya, ta aro. Ban ko taɓa ba, tun daga nesa hancina ya gaya mini abin da aka saba dafawa a ciki. Burkutu.

Na ce, "Na gode. Mayar musu."

Ta sunkuya ta shinshina, ta ce, "Kai! Gaskiyarki." Ta ɗauka ta fita. Ba ta ɓata rai ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba.

Na kira Rabi na ce ta bar akwatinta a ɗaure, Juma'a tare za mu koma.

Ta ce, "Inna, in na tafi za su karɓe gidan. Wata nawa yana zaune ba aiki, kin gani."

Na ce, "Gida ana sake samu."

Daga bayan ƙofa Isuhu ya ce, "Abin da Inna ta gani shi ne daidai." Muryarsa ba ta ce haka ba. Ranar ba wanda ya ci abincin kirki. Rifkatu ma ban ƙara ganinta ba, aka ce ta roƙi wata ta riƙe mata aiki, ta tafi ƙauyensu bayan dutse.

Alhamis

Bayan azahar ana yayyafi na hango ta tana saukowa, tukunya a ka, damin ganye a hannu, taɓo har gwiwa. Ta sauke a gabana.

"Sabuwa ce, ƙanwar uwata ke gina su. Ko ruwa bai taɓa shiga ba. Shinshina."

Na shinshina, ƙasa da hayaƙi. Na ƙwanƙwasa, ta amsa da kyau. Ganyen darbejiya ne, ta ce a kwari ake samu, nan sama babu.

Na ce, "Tukunya ta yi. Saura hannu. Kin taɓa wanke mai jego?"

Ta ce ƙannenta da matan 'yan'uwanta duk ita ce.

Na ce, "Baki ne ya faɗa. Hura wuta, ni za ki wanke."

Rabi ta ce, "Haba Inna!" Na ce ta shiga ɗaki.

Rifkatu ta ɗebo busasshen itace daga ƙarƙashin gadonta, a nan suke ɓoye shi da damina. Ta dafa ruwa har ya yi ta tafasa, muka kai makewayi. Na ɗaura zane na zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Ta tsoma ganye ta fara fyaɗa mini a kafaɗa. Hannun da nauyi, ba ta tsallake wuri. Da ta zo kan ciki na saki ƙara da gangan.

"Wayyo Allah! Za ki kashe ni! Sirka, sirka!"

Ga bokitin ruwan sanyi nan kusa da ƙafarta, ni na ajiye shi. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta ce, "Yi haƙuri, Mama. Juya, saura baya."

Na ƙara ihu, wannan karon ba duka ne na gangan ba. Na zage ta, na ce 'yar dutse marar tausayi. Ta danne kafaɗata da hannu ɗaya ta ce, "Zagi dai. Ƙanwata har cizona ta yi. Ɗaga hannu."

Sai da ruwan ya ƙare ta sake ni. Na fito jikina yana hayaƙi, na iske Rabi tsaye, Isuhu kuwa ya tsere can bakin famfo.

Na ce wa Rabi, "Kwance akwatinki."

Da yamma na koya wa Rifkatu kunun kanwa, don nasu ba irin namu ba ne. Karon farko ta cika kanwa, na zubar. Na biyu ya yi. Na gaya mata safe da yamma har arba'in, ba fashi ko ranar Lahadi. Ta ce kafin coci za ta yi. Na ba ta turmin atamfa da na zo da shi don kaina. Ta ce sai bayan suna za ta karɓa. Na ce ni ba na faɗin magana sau biyu, ta karɓa.

Komawa

Juma'a da asuba Ɗanjuma ya zo. Ya ga ni kaɗai da ƙullina, ya ce, "Inna, ina amaryar tamu?" Na ce ya ja mota. Isuhu ya biyo mu da buhun dankali ya ɗora, ya tsuguna a bakin titi yana godiya. Na ce masa ya tara itace ya ɓoye a ɗaki, kuma kada in ji an kawo duron nan gidan.

Muka jira lodi a Mangu har bayan sallar Juma'a, muka sake kwana a Jos. Asabar muka sauko. Daga Saminaka zafi ya tarye mu, na cire mayafi na biyu. Sojan Falgore yana nan, ya gane ni, ya ce, "Mama, ina tukunya?" Na ce tana inda ake bukatarta. Duk hanyar ban jingina da kujera ba, Ɗanjuma ya yi ta tambaya ko kujerar ce ba daɗi.

La'asar muka shigo Kano. Warin fatun Challawa ya fara yi mana maraba, sannan hayaƙin Bompai. Na iske Malam an yi masa aski, ya ci abinci. Ya dubi bayana, bai ga kowa ba.

Ya ce, "Kin bar ta?"

Na ce, "Na bar ta."

"Hannun wa?"

Na ce, "Hannun da na gwada."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da ni. Na gode wa ƙanwar Malam, na gode wa Ɗanjuma, ba ya gudu kuma ba ya shan komai. Dankali na raba, wadda ba ta samu ba ta yi haƙuri. Masu tambaya ko hankalina ya kwanta da barin 'yata wurin baƙuwa, ku zo ku ga bayana. Har yau rubda ciki nake kwana, kuma barci nake yi.